Murmushi da Ladansa: Kwatanta Jigo da Salo a Wasannin Zane Uku na Jafan a kan Ƙungiyoyin Mawaƙa Mata

1.0 GABATARWA

Manufar wannan maƙala ita ce kwatanta wasannin kwaikwayo uku na zane mai motsi, irin waɗanda mutanen Jafan ke kira anime, waɗanda aka nuna a gidajen talabijin na ƙasar tsakanin shekarar 2011 da ta 2014. Wasannin kuwa su ne The Idolmaster na 2011, da Love Live! School Idol Project na 2013 da 2014, da kuma Wake Up, Girls! na 2014. Dalilin da ya sa muka zaɓi waɗannan uku shi ne kasancewarsu sa'o'in juna: sun fito kusan lokaci guda, suna neman kasuwa guda, kuma ƙashin bayan labarinsu ɗaya ne. Wato 'yan mata ne da ba wanda ya san su suka haɗu suka kafa ƙungiyar waƙa da rawa, suka sha wuya, suka saɓa suka shirya, daga bisani suka hau babban dandali. Da yake tubalin ginin iri ɗaya ne, sai bambancin da ke tsakaninsu ya fito fili a wajen abin da kowane marubuci ya zaɓa ya nuna da abin da ya zaɓa ya rufe.

Ma'aunin da za mu auna su da shi guda ne. Sana'ar da waɗannan wasanni ke kwaikwayo sana'a ce ta haƙiƙa wadda 'yan mata masu yawa ke ci da ita a Jafan, kuma hajar da ake sayarwa a cikinta ta wuce murya kaɗai, ta haɗa har da fara'ar yarinya da kunyarta da ƙuruciyarta. Saboda haka tilas ne mai nazari ya tambaya: wa ke biya, wa ke karɓa, me kuma yarinyar ke rasawa? Ra'ayinmu shi ne kowane ɗaya daga cikin wasannin nan ya amsa wani sashe na tambayar ya bar wani, kuma darajarsa a matsayin aikin adabi ta rataya ne a kan yadda ya yi da sashen da ya bari.

2.0 MA'ANAR AIDORU DA ASALINTA

Kalmar aidoru aro ce da Jafananci ya yi daga Turanci, ma'anarta ta asali kuwa ita ce gunki. To, amma fassara ta da "gunki" zai ɓad da mai karatun Hausa, don haka a nan za mu riƙa cewa "tauraruwa", ko mu bar kalmar yadda take. Ana danganta yaɗuwarta a Jafan da wani fim na Faransa mai suna Cherchez l'idole, wanda mawaƙiya Sylvie Vartan ta fito a cikinsa, aka kuma nuna shi a Jafan a 1964. Sana'ar kanta ta kafu sosai ne daga 1971, lokacin da aka fara wani shirin talabijin na gasar zaɓen mawaƙa mai suna Star Tanjō!, wanda ya fito da Momoe Yamaguchi. Ita wannan mawaƙiya ta bar waƙa a 1980 domin ta yi aure, tana da shekara 21, kuma tana kan ganiyar suna.

Abin da ya raba tauraruwar aidoru da sauran mawaƙa shi ne ba a buƙatar ta zama gwana kafin ta hau dandali. Masoyanta suna biyan kuɗi ne su ga tana koyo, tana tuntuɓe tana tashi, su kuma ji cewa da hannunsu a cikin girmanta. Wannan tsari ya kai matuƙa a hannun Yasushi Akimoto, wanda ya kafa ƙungiyar AKB48 a 2005 tare da ƙaramin gidan wasa nata na kanta a unguwar Akihabara ta birnin Tokiyo. A cikin faifan ƙungiyar akan sa tikitin da zai ba mai saye damar yin musafaha da tauraruwar da yake so na 'yan daƙiƙu, daga 2009 zuwa 2018 kuma an riƙa sa ƙuri'ar zaɓen wadda za ta tsaya a tsakiyar sahu. Ta haka mutum ɗaya kan sayi faifai iri guda barkatai domin ya ɗaga tasa.

Shi ma zane mai motsi ya daɗe da sanin wannan tauraruwa. A 1982 wasan Macross ya fito da Lynn Minmay, wadda Mari Iijima ta ara wa murya, a 1983 kuma aka yi Creamy Mami domin a fito da sabuwar mawaƙiya Takako Ota. Sai dai waɗannan labarin tauraruwa ɗaya tilo ne. Labarin ƙungiya mai mutum bakwai ko tara ko goma sha biyu ɗa ne na zamanin AKB48, kuma a inuwarta aka haifi wasanni ukun da muke nazari.

3.0 ZUBI DA TSARIN LABARI

3.1 The Idolmaster

Wannan wasa ya samo asali ne daga wasan na'ura da kamfanin Namco ya fitar a 2005, inda mai wasa ke zama furodusa yana renon mawaƙa. Kamfanin A-1 Pictures ne ya mai da shi wasan talabijin mai kashi 25 a ƙarƙashin darakta Atsushi Nishigori. Labarin wani ƙaramin kamfani ne mai suna 765 Production, mai ofis a saman wani gidan abinci, da 'yan mata goma sha biyu masu neman suna, da ta goma sha uku, Ritsuko Akizuki, wadda ta bar dandali ta koma furodusa.

Tsarin wasan na jere ne, kusan kowace yarinya an ware mata kashinta, an warware matsalarta a ciki. Yayoi 'yar talakawa ce mai renon ƙanne, Yukiho tana tsoron maza, Makoto kuwa ta gaji da a riƙa sa ta fitowa kamar saurayi. Ƙololuwar wannan jere shi ne kashi na 20, inda wata mujallar tsegumi ta tono cewa ƙanen Chihaya Kisaragi ya mutu a haɗarin mota suna yara, sai muryarta ta ɗauke, ba ta dawo ba sai da 'yan'uwanta suka hau dandali suka ɗaukar mata waƙar. Amma a ganinmu inda wasan ya fi nuna basira shi ne kusa da ƙarshe, inda ya nuna cewa nasara ita kanta masifa ce. Da kowace ta yi suna, aiki ya yi mata yawa, sai aka rasa lokacin haɗuwa a yi gwaji tare, Haruka Amami, wadda ƙungiyar ce dukan burinta, ta wayi gari ita kaɗai a ɗakin gwaji. Babu mugu a cikin wannan rikici, jadawalin aiki ne kawai, wannan kuwa gaskiya ce da ba kowane marubuci ke iya gani ba.

3.2 Love Live!

Kamfanin Sunrise ne ya zana wannan wasa, Takahiko Kyogoku ya ba da umarni, Jukki Hanada ya tsara labari, zango biyu masu kashi goma sha uku-uku. Honoka Kosaka ɗaliba ce a makarantar 'yan mata ta Otonokizaka a Tokiyo, wadda ake shirin rufewa saboda ƙarancin masu neman shiga. Sai ta yanke shawarar kafa ƙungiyar waƙa domin ta jawo wa makarantar suna, har suka kai mutum tara, suka ɗauki sunan μ's, wanda ake furtawa "miyuz", daga sunan alloli mata tara na fasaha a tatsuniyoyin Girkawa. Matsalar rufe makaranta ba ƙage ba ce, domin raguwar haihuwa ta sa an rufe makarantun gwamnati fiye da 8,000 a Jafan tsakanin 2002 da 2020.

Kashi na 3 shi ne ya kafa wasan. 'Yan mata uku na farko sun yi makonni suna gwaji, aka yaye labule, suka tarar da zaure babu kowa. Suka yi waƙarsu ga kujeru da ɗan tsirarun mutanen da suka shigo daga baya. Rauninsa kuwa shi ne an ceci makarantar tun kafin zango na farko ya ƙare, sai marubucin ya rasa abin da zai tura labarin da shi, ya koma ga rashin lafiyar Honoka da shirin tafiyar Kotori ƙasar waje, waɗanda duka biyu an ɗora su ne daga sama. A zango na biyu ne wasan ya gano jigonsa na gaskiya, wato lokaci. Uku daga cikin taran suna ajin ƙarshe, za su fita, sai ƙungiyar ta yanke cewa da fitarsu sunan μ's ya ƙare, ko da an ci gasa. Daga nan kowace rawa ta zama bankwana, kuma wannan ne ya ba wasan nauyin da bai samu ba da farko.

3.3 Wake Up, Girls!

Darakta Yutaka Yamamoto ya buɗe labarinsa da ɗan gajeren fim na silima a watan Janairun 2014, ya bi shi da kashi 12 a talabijin. Ya ɗauke labarin daga Tokiyo ya kai shi birnin Sendai na yankin Tohoku, yankin da girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta ranar 11 ga Maris 2011 suka ɗaiɗaita, inda mutum fiye da 18,000 suka mutu ko suka ɓace. Kamfanin Green Leaves na dab da durƙushewa, shugabarsa Junko Tange ta sa yaronta Matsuda ya tattaro 'yan mata bakwai, sa'an nan ta kwashe kuɗin kamfanin ta gudu kafin wasansu na farko. Suka yi wasan a wani lambun shaƙatawa cikin ƙanƙara, sanye da kayan makaranta saboda babu kuɗin ɗinki.

Daga cikin bakwai ɗin akwai Mayu Shimada, wadda a da ita ce ta tsakiyar sahu a I-1 Club, babbar ƙungiyar ƙasa da ba wanda zai kalle ta bai tuna da AKB48 ba. Akwai kuma Kaya Kikuma, 'yar garin Kesennuma na bakin teku, wadda wasan ya kai mu garinsu ya nuna mana filayen da gidaje suke a da, ba tare da dogon jawabi ba. A ƙarshe ƙungiyar ta kai gasar ƙasa, jagorarta ta ji ciwo a ƙafa, suka yi wasansu, ba su ci ba.

4.0 KWATANCE

4.1 Ubangida da Kuɗi

In an lura, Love Live! ya warware matsalar kuɗi ta hanyar fitar da ita daga labarin ɗungurungum. Babu kamfani, babu kwantiragi, babu manaja. Kotori ke ɗinka kaya, Umi ke rubuta baitoci, Maki ke sa musu kiɗa, su kuma su ke yanke wa kansu shawara. Wannan ya ba 'yan matan 'yancin da ba a samu a sauran wasanni biyun, kuma shi ne sirrin annashuwar wasan. To, amma ruwa ba ya tsami banza. An sami wannan 'yanci ne da mai da sana'a ta zama ƙungiyar makaranta kamar ta ƙwallo, saboda haka abin da wasan ke faɗi game da abota gaskiya ne, abin da yake faɗi game da sana'ar aidoru kuwa kaɗan ne ƙwarai.

The Idolmaster ya bar kamfani a cikin labari, amma ya mai da shi gida. Furodusan, wanda ba a taɓa faɗin sunansa ba, tamkar wa ne ga 'yan matan, shugaban kamfanin kuma dattijo ne mai kirki wanda ba a nuna fuskarsa. Dukan mugunta an tattara ta an jibge a kan Kuroi, shugaban kamfanin hamayya na 961 Production, mai sayen 'yan jarida da ƙulla makirci. Wannan dabara tana da illa, domin tana koya wa mai kallo cewa aibin sana'ar halin mutum ɗaya ne, da an kawar da shi komai zai daidaita. Shi ya sa muka fifita kashe-kashen ƙarshe na Haruka a kan dukan rikicin Kuroi.

Wake Up, Girls! ne kaɗai ya sa kuɗi a tsakiyar fage. A kashi na 2 wani ɗan damfara ya karɓi ragamar ƙungiyar, ya tura 'yan matan wani gidan shaƙatawa su yi waƙa cikin kayan iyo a gaban maza masu shaye-shaye, su kuma suka yarda saboda ba su san suna da ikon ƙi ba. Marubucin waƙa Hayasaka ya nemi a cire Airi, mafi rauninsu, domin tana ja da ƙungiyar baya. Shiraki, mai I-1 Club, yana tafiyar da 'yan matansa kamar barikin soja, dokarsa ta hana hutu da ƙorafi har da tunani. Abin sha'awa shi ne Touko Machida ta yi aikin tsara labari a wannan wasa da kuma The Idolmaster, saboda haka ana iya karanta na biyun a matsayin abin da na farkon ya haɗiye bai faɗa ba.

4.2 'Yan Kallo

Hanya mafi sauƙi ta gane gaskiyar wasa irin wannan ita ce a duba yadda ya zana masu kallo. A Love Live! kusan babu namiji a duniyar kwata-kwata, ko mahaifin Honoka ba a nuna fuskarsa, masu tafi kuwa 'yan mata ne 'yan makaranta, waɗanda har suka fito da shebur suka share wa μ's ƙanƙara daga hanya ranar gasa. A The Idolmaster 'yan kallo tekun fitilu ne masu launi, ana jin ihunsu ba a ganin idonsu. Wasannin biyu ke nan sun kau da kai daga mutumin da ke sayen faifan.

Yamamoto shi ya ba wannan mutum fuska da suna. Ota, namiji baligi mai ƙiba, tsohon masoyin Mayu, yana zama da abokansa a gidan abinci suna gardama a kan ƙungiyoyi kamar masu shawarar yaƙi. Wasan bai yi masa ba'a ba, bai kuma wanke shi ba. Ya nuna amincinsa, ya kuma nuna zage-zagen da ire-irensa ke zubawa a intanet ba tare da suna ba. A wannan fanni Wake Up, Girls! ya tsere wa sa'o'insa nesa, domin ya yarda ya sa madubi a gaban wanda ke kallonsa.

4.3 Dokar Hana Soyayya

A nan ne muke ganin gwajin ya fi tsanani. An san cewa kamfanoni da yawa na hana taurarinsu yin saurayi, domin kada masoya su ji an ci amanarsu. A ranar 31 ga Janairu 2013, lokacin da zangon farko na Love Live! ke tsakiyar fitowa, Minami Minegishi ta AKB48 ta bayyana a wani hoton bidiyo ta aske kanta ƙwal, tana kuka tana neman gafara, bayan wata mujalla ta ba da labarin ta kwana a gidan wani saurayi. Shekarunta 20 a lokacin, kuma an mai da ita sahun masu koyo. Maganar ta kai har kotu a wasu shari'o'i dabam. A 2015 wata kotu a Tokiyo ta umarci wata yarinya ta biya kamfaninta diyya saboda ta karya wannan doka, a farkon 2016 kuma wani alƙali a kotun ya yanke cewa irin wannan hani ya tauye 'yancin mutum na neman jin daɗin rayuwarsa.

Yaya wasanninmu suka yi da wannan batu? Love Live! ya cika dokar ba tare da ya ambace ta ba, tun da babu saurayin da za a so. Har akwai wani kashi a zango na biyu inda 'yan matan suka zauna rubuta waƙar soyayya, suka gano babu ko ɗaya a cikinsu da ta san abin, aka mai da maganar abin dariya da tausayi. The Idolmaster ya karkatar da soyayyar zuwa ga furodusa, kamar yadda Miki Hoshii ke maƙale masa, shi kuwa furodusan wakilin mai wasan na'ura ne, wato mai saye. Ma'ana, an halatta wa yarinya so muddin mai biyan kuɗin take so. Wake Up, Girls! ya fuskanci dokar gaba da gaba: asalin fitar Mayu daga I-1 Club shi ne ta tsaya wa wata ƙawarta da aka kora saboda soyayya, sai Shiraki ya haɗa ta gasar cinikin faifai da abokiyar hamayyarta, ta faɗi, aka sallame ta. Duk da haka wasan bai kai maganar ƙarshenta ba. Babu ko ɗaya daga cikin bakwai ɗin da aka ba saurayi, kuma maganin ciwon Mayu shi ne ta koma dandali. An nuna zalunci, an kuma bar ginshiƙinsa a tsaye.

Domin a ga iyakar da ukun suka tsaya, sai a dubi Perfect Blue na Satoshi Kon na 1997, inda wata tauraruwa ta bar ƙungiya ta koma wasan fim, wani masoyi ya shiga farautarta, da kuma Oshi no Ko na 2023, wanda ya buɗe da tauraruwa mai ɓoye tagwayen da ta haifa, har wani masoyi ya gano gidanta ya kashe ta. Waɗannan biyu sun bi maganar har inda take kaiwa, kuma ba mamaki, domin ba a gina su a kan sayar da ƙungiya ta haƙiƙa ba.

4.4 Salon Zane da Rawa

Ta fuskar salo ma'aunin ya juye. Nishigori ya zana raye-rayensa da hannu, kuma ya ba kowace yarinya tafiyarta da zamanta, ta yadda ko an rufe murya za a gane Iori daga Yukiho. Kashi na farko an yi shi kamar fim ɗin tarihi, ana yi wa 'yan matan tambayoyi daga bayan kyamara, sai a ƙarshe aka gane mai ɗaukar hoton shi ne sabon furodusa. Cikin minti ashirin da 'yan kai an gabatar da mutum goma sha uku ba tare da an gaji mai kallo ba. Love Live! ya gauraya zanen hannu da na kwamfuta a wajen rawa, a farko ɗinkin na bayyana, fuskoki na sandarewa, amma ya rama da saurin tafiyar labari da aron salon wasan waƙe, inda yarinya kan ɓarke da waƙa a tsakiyar titi.

Wake Up, Girls! ya zaɓi launuka marasa ƙyalli da gashi irin na mutane, abin da ya dace da jigonsa, sai dai aikin ya fi ƙarfin masu zanen. A fitowar talabijin fuskoki sukan karkace, motsi ya ragu, har a wuraren da labarin ke buƙatar rawa ta burge. Akwai kuma aibin da ya fi wannan. Wasan da ke sukar yadda ake cinikin jikin 'yan mata, kyamararsa ba ta kau da kai ba lokacin da siket ya tashi a rawarsu ta farko. Mai dokar barci ke nan ya ɓuge da gyangyaɗi.

5.0 WASA A MATSAYIN TALLA

Ba za a fahimci shirun da muka ambata ba sai an tuna cewa kowane ɗaya daga cikin wasannin nan yana da ƙungiya ta haƙiƙa a bayansa, wato matan da suka ara wa zanen murya, waɗanda ke hawa dandali su yi rawar da aka zana. Masu muryar μ's sun fito a babban shirin waƙa na ƙarshen shekara na gidan talabijin NHK a Disambar 2015, suka kuma yi wasan bankwana na kwana biyu a Tokyo Dome a ranakun 31 ga Maris da 1 ga Afrilu 2016. Bugu da ƙari, zaɓen da aka ɓoye a cikin labarin yana nan a wajensa, domin masu karanta mujallar Dengeki G's Magazine ne suka zaɓi sunan ƙungiyar, suka kuma riƙa jefa ƙuri'a a kan wadda za ta tsaya a tsakiya a wasu waƙoƙi.

Su kuwa 'yan Wake Up, Girls! bakwai, sababbi ne da aka tace ta hanyar gwaji, aka ba kowace yarinyar zane sunan yankan mai muryarta, suka yi aiki a matsayin ƙungiya har suka watse a watan Maris 2019 da wasa a Saitama Super Arena. Wasan da ya fi kowane sukar sana'ar ke nan shi ma ya ƙera taurarinsa ya sayar. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski, wannan kuwa shi ya ƙayyade nisan da sukar za ta iya zuwa.

6.0 KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata za mu iya yanke hukunci kamar haka. Ta fuskar gina 'yan wasa da kyan zane, The Idolmaster ne a gaba, kuma kashe-kashensa na ƙarshe sun taɓo wata gaskiya game da aiki da suna wadda ta wuce Jafan. Ta fuskar tsarin labari da taɓa zuciya, zango na biyu na Love Live! ya fi, amma da sharaɗin a karanta shi a matsayin labarin ƙuruciya da ƙarewarta. Magajinsa Love Live! Sunshine!! na 2016 da 2017, wanda aka kafa a garin Numazu, ya ƙara ƙarfin hali, domin a can 'yan matan sun ci gasar, makarantar kuma an rufe ta duk da haka. Ta fuskar faɗin gaskiya game da sana'ar, Wake Up, Girls! ne kaɗai ya gwada, ko da yake hannunsa bai kai inda idonsa ya hango ba.

In tilas ne a fifita ɗaya domin nazari a aji, mu dai Wake Up, Girls! za mu miƙa, duk da shi ne mafi rauni a zane, domin shi ne ke tilasta wa ɗalibi ya yi tambayoyin da sauran biyun suka tsara kansu don kada a yi. Akwai kuma fannin da wannan maƙala ba ta shiga ba, wanda ya cancanci takarda tasa: wasannin ƙungiyoyin maza, irin su Uta no Prince-sama na 2011 da Idolish7 na 2018, waɗanda aka yi domin mata masu kallo. Ya kamata a auna su da wannan ma'auni, a ga ko dokar da ta hau kan Mayu Shimada tana hawa kan samari da irin wannan nauyi.